Kwabban Roba na Tahmina

A ɗakin ƙasa marar taga inda take kwana, kusa da injin wanki, Tahmina ta zazzage jakarta karo na uku, hawaye na ɗiga kan littattafanta. Akwatin kwabban roba da makaranta ta ba ta aro, don ta riƙa gwada aikin teburin caca a gida, ya yi ɓatan dabo... Marainiya ce, a hannun Monowara matar kawunta take, a Atlantic City, inda rabin unguwa ke ci daga gidajen caca, amma duk wanda ka tambaya sai ya ce a otal yake aiki. Da safe ta soya shingara, wato samosa irin tasu, don shagon Monowara, da rana ta tafi ƙaramar kwalejin garin, inda take karatun kula da gidan caca da masaukin baƙi.

"Mami, don Allah ko kin ga akwatina?"

"Na gani, har na nuna wa maƙwabta," in ji Monowara. "Su san 'yar caca nake ciyarwa. Inda ya shiga kuma, tambayi shaiɗanin da ya kawo shi."

Ɗanta Jashim, wanda ya shekara goma yana shirin neman aiki, ya ce wa uwarsa, wadda yake kira Amma, daga kan kujera, "Ƙyale ta, Amma. Cinye ta aka yi a caca."

"Bhaiya, wallahi ban taɓa yin caca ba," in ji Tahmina, don haka take kiransa, wato yaya.

A makaranta, malamarsu, Misis Pagano, ta ce, "Ina so in yarda da ke. Amma in Juma'a ta yi babu akwatin, dole in rubuta rahoto. Wanda kuwa aka rubuta wa ɓatan kwabbai, ko na roba ne, ba ya samun lasisin aiki a garin nan."

Wahalar shekara biyu ke nan za ta bi ruwa... Tahmina ta yi kuka a bas, ta yi a kan sallaya, tana cewa, "Ya Allah, Kai Ka san hannuna." A gida aka hana ta taɓa tukunyar shinkafa, wai hannun caca ne. Wanke-wanke dai ba a hana ta ba.

Ran Alhamis da azahar aka bugo waya. Ashe Jashim ne ya sa kwat, ya je tagar biyan kuɗi a wani gidan caca, ya zube kwabban ya ce a canza masa. Ga shi a jikin kowanne an rubuta ɓaro-ɓaro cewa na koyo ne. Nan take aka riƙe shi, aka kira 'yan sanda. Jashim bai taɓa yarda karatu na da amfani ba.

Monowara ta sauko ɗakin ƙasa tana kuka. "'Yata, ke kin san mutanen nan. Ki ce musu wasa yake."

"Abin da na sani zan faɗa, Mami."

Ran Juma'a 'yan sanda da kansu suka kai akwatin makaranta. Bayan wata huɗu Tahmina ta karɓi lasisinta, ta kama ɗaki mai taga. Jashim kuwa an haramta masa shiga kowane gidan caca a jihar. Monowara tana gaya wa maƙwabta cewa tsoron Allah ne ya hana shi.