Zoben Dodon Kogo

Mai kemis ya shigo caji ofis yana haɗa gumi, ya ce an sace masa zobe. Sufeto ya ɗauki biro ya tambaye shi na zinariya ne ko na azurfa.

"Ranka ya daɗe, ba na sawa a hannu ba ne. Na cikin wasa ne."

Sufeto ya ajiye biron. Sai da ya ji cewa ana sayen irin wannan zobe da kuɗi na gaske, kuma ɓarawon har ya sayar, sannan ya gyara zama.

Wasan na intanet ne. Ana farautar dodanni, wanda aka kashe sai ya yar da kaya. Dodon kogo ba kasafai yake yar da zobe ba, amma mai kemis ya dace. Jiya da rana wani ya shiga asusunsa ya yi awon gaba da zoben. Tunda a shagon intanet ɗaya yake wasa, sai ya ɗora laifin a kan matar da ke da shagon. Wani kofur mai rawar kai har ya garƙame shagon ya taso ƙeyarta.

"Yallaɓai, da shagon nan nake ciyar da 'ya'yana," in ji ta. "In aka ce ina satar lambar sirri, ko kun sake ni babu mai sake zama a kujerata."

Maganar ta taɓa Sufeto. Ya juya ga mai kemis.

"A ina ka bar mutumin naka na cikin wasan?"

"A bakin kogo. Duk ƙungiyarmu nawa kaɗai ne a can."

"Ta yaya kuke sanin fitowar dodon?"

"Aikin abokina ne, tela. Agogo muke ce masa. In dodo ya mutu yakan ɗauki lokaci kafin ya dawo, kuma sai wanda ya ga faɗuwarsa ne zai iya lissafawa. Jiya ma wata ƙungiya ta kashe shi, Agogo ya turo mana lokacin dawowarsa, bai kuskure ba."

"Ko su ne suka gaya masa?"

"Su? Ko uwar da ta haife su ba za su gaya wa ba."

Sufeto ya sami Agogo a kan keken ɗinki. Tun ba a tambaye shi ba ya miƙo wayarsa.

"Yallaɓai, duba asusuna. Jiya ko leƙa wasan ban yi ba, aiki ya sha kaina."

Sufeto ya duba. Gaskiya ne, ba a buɗe asusun ba.

"Amma kai ka tura musu lokacin dawowar dodon?"

"Ai aikina ne."

"To da idon wa ka ga faɗuwarsa?"

Keken ya tsaya.

"Mutum ɗaya ƙungiyarku ke da shi a bakin kogon," in ji Sufeto. "Kana cikin asusun abokinka kana kwasa aka kashe dodon a gabanka. Da ka yi shiru da ka tsira, sai ka kasa."

Agogo ya sunkuyar da kai. Ya ce tun tuni ya haddace lambar sirrin, saboda kusa da juna suke zama a shagon.

"Shekara da shekaru ina bin dodon nan, ko tsinke bai taɓa yar mini ba. Shi kuwa zuwansa na farko ya sami zobe."

Da aka shigo da shi caji ofis da ankwa, matar na tsaye a gaban kantar ofishin tana karɓar makullanta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗazu da suka tafi da ni, kai na bar wa amanar ɗauko mini yara daga makaranta."

Kofur ya tura shi ciki.