Hular Tangaran da Aka Dawo da Ita

Ranar Talata wani saurayi ya fara shigowa shagon, da takardunsa a leda, yana neman aiki. Autarmu na zaune a teburin taga, tana goge haƙoran roba na wata tsohuwa a jikin buroshi mai juyawa, fuskarta duk feshin gari. Ta ɗago za ta amsa sallamarsa, buroshin ya fizge haƙoran daga hannunta, suka faɗa gaban takalminsa. Ya tsuguna ya ɗauka, ya duba ko sun tsage, ya miƙa mata da hannu biyu. Ina tsaye a ƙofar da ta haɗa shagon da cikin gida, da kofin shayin babanta a hannuna, a kan idona aka yi.

Shagon na maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana haɗa haƙora. Likitoci su aiko da awon bakin mutum, shi kuma ya ƙera abin da ake so, ko haƙoran roba, ko hular tangaran da ake kifa wa haƙorin da ya lalace. A wurinsa ƙira rabin aiki ce, sauran rabin gogewa. Dutse mai kaushi da fari, sannan roba uku a jere, shuɗiya, ruwan hoda, fara, kowace tana share ƙarcen da ta gabanta ta bari. Sai a ƙarshe man sheƙi.

Baba, kamar yadda muke kiran maigidan, ya ɗauki saurayin aiki. Hannun yaron na da kyau, sai dai gaggawa. A mako na biyu ya tsallake robar tsakiya, ya shafa mai, hular ta yi ƙyalli kamar madubi. Baba bai yi faɗa ba. Ya ɗauki fensir ya goga a kanta, ya share da yatsa, sai ga layuka baƙaƙe sun fito ko'ina. Ya ce nan datti zai zauna, nan harshen mutum zai yi ta sosawa. Daga ranar sunansa ya koma Mai Sauri.

Auta ce ta riƙa zama da shi lokacin cin abincin rana, tana nuna masa yadda ake sassauta hannu, kada inji ya ɗumama tangaran. Ni dai na ga koyarwar ta fi ƙarfin roba uku. Daga baya ta nuna mini saƙonninsu a waya, muna dariya.

"Mai Sheƙina, yau na bi duka ukun. Baba ya sa fensir, ko layi ɗaya bai fito ba. Amma ke ko sau ɗaya ba ki kalle ni ba."

"Sau huɗu na kalle ka, kana can kana fama da ruwan hoda. Ka ci abincinka ya huce, Mai Saurina."

"In kina teburin taga ba na jin yunwa."

"To gobe zan koma teburin ƙofa, kada ka rame a ce ni ce."

Bayan wata bakwai Mai Sauri ya turo kawunsa neman auren Auta. Baba ya karɓe shi da mutunci, ya kuma ce a'a. Ya ce mini wanda ya taɓa tsallake aiki don yana ganin ba mai lura, bai san me zai tsallake a riƙon 'yarsa ba. Na ce yaron ya gyara. Ya ce ya gyara ne don ana kallonsa.

Akwai kuma Likita, mai asibitin haƙori a tsallaken titi, wanda yawancin aikin shagon daga wurinsa yake zuwa. Shi ma ya nuna yana son Auta, kuma Baba ya fi karkata can. Ita kuwa ta ce mutumin da zai yi awa guda yana ba ta labarin motarsa, ya auri motar mana.

Wata safiya Likita ya shigo da kansa, ya ajiye ambulan a gaban Baba. Hular wata malamar makaranta ce, ta haƙorin turmi na ƙasa. Ya ce kwana goma da sakawa harshen matar ya yi gyambo, dole ya cire. Ya tambayi wanda ya goge ta, alhali ya sani. Baba ya sa fensir. Layuka suka fito baƙi ƙirin.

A gaban Likita ya ce wa Mai Sauri ya kwashe kayansa. Yaron ya rantse ya bi ukun, ba wanda ya saurare shi. Abin da ya fi ci masa rai, Auta ma ta kau da kai. Ta ce mini ba ƙarcen ne ya dame ta ba, ƙaryar ce. Kwana uku ba ta ɗauki wayarsa ba, abinci ma sai na tsaya a kanta.

A rana ta huɗu ya aiko wannan:

"Ban ce ki yarda da ni ba. Hular na cikin aljihun teburin Baba. Ki sa madubin ƙara girma ki duba da idonki. In aikina ne, ba za ki sake jin muryata ba."

Ta jira Baba ya fita sallar azahar, ta ɗauko. Ta daɗe a sunkuye. Sai ta kira ni, ta ce in leƙa, ko da ban iya ba. Gefen hular duka sumul yake, yana ɗaukar ido. Ƙarcen a wuri ɗaya yake, a sama, inda haƙori ke haɗuwa da ɗan'uwansa, kuma wurin ya yi shafal kamar an yanke. A cikin ramin ƙarcen akwai ɗigon jan launi.

Da Baba ya dawo ta miƙa masa madubin.

"Baba, takardar cizo da muke gwada haɗuwar haƙora da ita wane launi ce?"

"Shuɗiya."

"To wannan ja ne, ba daga tamu ba. Kuma ba mu da kan inji mai yin rami haka. A baki aka rage mata tsawo, aka manna ba a sake gogewa ba."

Ya duba, ya juya ta, ya sake dubawa. Sannan ya buɗe aljihun tebur, ya zaɓi roba uku sababbi, ya zuba a ambulan ɗin da aka kawo hular, ya ce Auta ta biyo shi.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Baba ya tambayi Likita a hankali ko ya taɓa hular da inji. Likita ya yi ta gyaran tabarau, ya ce ɗan kaɗan ne, ta yi wa matar tsawo, ga layi a waje. Baba ya ajiye masa ambulan ɗin.

"Ga kyauta, Likita. Shuɗiya, ruwan hoda, fara. Minti biyar ne. In ka manta jerin, yaron da na kora zai koya maka."

Daga can bai dawo gida ba. Ya sa Auta ta nuna masa inda Mai Sauri yake haya, ya hau bene hawa biyu da ciwon gwiwarsa, ya ƙwanƙwasa. Mutumin da ban taɓa ji ya ba wani haƙuri a kan aiki ba, ranar ya ba yaro haƙuri a tsaye a bakin ƙofa. Ya ce gobe ya zo ya gyara wa malamar hularta, ya kuma gaya wa kawunsa ya dawo, wancan zuwan bai saurare shi da kyau ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Mai Sheƙina, kin wanke ni."

"Ka yafe mini kwana ukun nan."

"Na yafe. Amma sai kin biya ni da shekara sittin."

Malamar ta zo bikin auren, ta yi ta buɗe baki tana nuna wa mata turminta. Baba ya riƙe hannun ango ya ce, "Na ba ka ita, na ba ka teburina. Ka bi ta a hankali." Ya juya ga Auta, ya dafa kanta.

Wata tara Baba ya yi a duniya bayan haka. Bai ga jikarsa ba, amma ya ga shagon a hannunsu, ya kuma ce mini hankalinsa ya kwanta. Allah ya haskaka kabarinsa. Su kuma Allah ya bar su tare, ya raya musu 'yarsu, ya sa albarkar da ya sa musu ta bi su har tsufa. Amin.