Zuciya Biyu a Jikin Adila

Yammacin da abin ya fara, babu wanda ya ga alamar komai a gidan Malam Ɗahiru mai shinkafa. Rana ta yi ja ta gangara bayan fadama, hayaƙin masu bandar kifi ya taso daga bakin kogi, Inna Safara'u tana kwashe tuwo. Ɗansu Musaddiq, wanda ya dawo daga jami'a don ya ƙarasa bincikensa na shekarar ƙarshe, yana ɗaki yana ta tsaki shi da kwamfutarsa.

Aikin nasa shi ne auna yadda zuciya ke bugawa da yadda tafin hannu ke gumi idan mutum ya duƙufa a wasan kwamfuta. Ya sha ɗaura wa samarin unguwa wayoyi a yatsu da wuyan hannu, amma layukan da ke fitowa a fuskar kwamfutar kullum a cakuɗe suke. Malaminsa ya ce sai ya haɗa na'urar da ƙasa mai laima. Yaron nan, da haushi ya cika shi, bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki guntun rodi da guduma ya nufi kusurwar tsohuwar rijiyar da aka cike, wurin da ko kaji ba sa tono, wurin da ba a zuba ruwan zafi, ba a giftawa sai da bisimilla. Ana kiran magariba yana dukan ƙarfe.

Da ya haɗa wayar na'urar da rodin, layuka suka fito tas. Don murna ya kira ƙanwarsa Adila, ya ɗaura mata wayoyin, ya kunna mata wasan tseren motoci. Tana cikin dariya sai dariyar ta ɗauke. A ƙarƙashin bugun zuciyarta wani bugun ya bayyana, mai nauyi, a hankali, kamar dakan tsohuwa. Sannan dutse ya faɗo a kan kwanon ɗakin.

Daga ranar, da zarar rana ta faɗi sai jifa. Duwatsun jiƙaƙƙu ne, suna warin taɓon kogi. Adila ta daina ci, ta daina magana, sai ta zauna tana motsa manyan yatsunta a iska kamar tana tuƙi. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Shi kuwa gogan naka, da yake ranar kare aikinsa a gaban malamai ta matso, da hantsi sai ya tara samari ya sake auna su, tunda yanzu layi ya yi kyau. A jikin kowanne yana ganin bugun nan na biyu, yana cewa a ransa matsalar waya ce. Ya sani sarai ba waya ba ce.

Da Malam Ɗahiru ya ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya hau babur ya je Guri ya ɗauko Malam Abdulfattah, dattijon da ya daɗe yana ruƙiyya. Bayan sallar magariba malamin ya zauna a tabarma ya fara karatu a kunnen yarinyar. Can sai Adila ta ɗago kai, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Ambaliya ce ta kawo ni gidan nan tun kakansu yana raye. Ban taɓa kowa ba. Ina zaune da 'ya'yana aka saukar mini da ƙarfe a kafaɗa."

"Yarinyar me ta yi miki?" in ji malam.

"Wayarsa na biyo, ita na tarar a ƙarshe. A yanka mini baƙin bunsuru in fita."

"Ba a yanka sai don Allah," in ji malam, ya ci gaba da karatu har jikin Adila ya ɗauki rawa.

"To, a cire ƙarfen. Kuma ya mayar mini da bugun zuciyata da ya kulle a akwatinsa."

Aka juyo ana kallon Musaddiq. Duk awon da zai iya kaiwa gaban malamansa, na bayan rodin ne, kuma bugun zuciyar aljanar yana cikin kowanne.

"Baba, shekara guda ce fa zan maimaita," ya ce.

"Dubi ƙanwarka," in ji Inna Safara'u.

Ya fita ya tumɓuke rodin da bisimilla, ya dawo ya goge aikin ɗaya bayan ɗaya, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Da ya gama ya juya musu kwamfutar.

Adila ta yi murmushin da ba nata ba. "Da na aljihu."

Bai san lokacin da hawaye suka zubo masa ba. Ya zaro ɗan filas ɗin da ya ɓoye kwafin aikin a ciki, ya ɗora a kan dutsen niƙa, ya ɗaga gudumar nan dai ya sauke.

Adila ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale a cinyar uwarta. Warin taɓon ya ɗauke. Da ta buɗe ido, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta nemo yayanta a bakin ƙofa da guduma a hannu.

"Yaya, na yi maka wasan da kyau? Aikin naka ya fita?"

Musaddiq ya share fuska da bayan hannu. "Ya fita," ya ce. "Tashi ki ci tuwo."