Maiwar Fiddausi

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni na 2024, ƙarfe goma da kwata na safe, Hussaini yana tsakar gidansa a Dudunni yana gyaran ƙotar fartanya, matarsa Fiddausi tana tankaɗe, sai wayarsa ta yi ƙara. Likitansa ne daga Katsina. Ya ce ƙarin nan na wuya da aka cire bara ya dawo, ciwon daji ne dai, kuma ya fi na da girma. An aika gwaji Kano don a san ko ya bazu, a saurari sakamako nan da mako shida.

Washegari ruwan shuka ya sauka.

Baffa Mamuda, ƙanen mahaifin Hussaini, mutum ne da bai taɓa kwanciya asibiti ba, saboda haka yake ganin ya fi kowa sanin ciwo. Ya zo ya zauna a kan turmi ya yanke hukunci. Bana ba za a shuka dawa ko maiwa a gonar Hussaini ba, don su sai kaka ta yi nisa. Gero za a shuka, mai wata uku.

"Ko ba komai yaron nan ya ci tumun gonarsa," in ji shi, a gaban mai ciwon.

Hussaini ya ce to. Fiddausi kuwa ta nemi a bar mata buhun irin ta sheƙe shi. Da safe ƙannen Hussaini suka ɗauka suka shuke gonar tas.

Daga nan aka shiga jira. Hussaini ya mai da waya abokiyar zama. Yakan hau katangar bayan gida neman netwok, ya sauko ya ce caji ya ragu, ya aika a yi masa caji a tasha, sannan ya tayar da hankali don wayar ba ta hannunsa. Mako shida ya cika, aka ce injin gwajin ya lalace. Dangi suka riƙa zuwa dubiya da fuskar ta'aziyya. Wata goggo ta yi kuka har ta gaji, da za ta tafi ta tambaya ko keken nan nasa yana da mai so.

A watan Agusta geron kowa ya fid da kai. Na Hussaini kuwa ganye kawai yake yi, kore shar, ya fi mutum tsawo, ba zangarniya ko ɗaya. Baffa ya ce taki ne na jabu. Da aka tuna masa shi ya sayo takin, ya ce to hannu aka sa wa gonar. Abin ya ci wa Hussaini rai ƙwarai, don a gaban sa'o'insa ba a taɓa fin shi gero ba. Kullum da safe sai ya dogara sanda ya tafi gona, ya zagaya, ya tsaga kara ya leƙa, ya dawo yana faɗa, ya ci tuwo mai yawa saboda haushi. Sau uku yana manta wayar a kan taga.

Wani tsoho mai wucewa zuwa Mawashi ne ya warware zancen. Ya tsaya ya dubi gonar, ya yaba, ya ce rabonsa da ganin maiwa mai kyau haka tun yana saurayi.

Baffa ya iso gidan hularsa a karkace. Fiddausi ba ta yi musu ba. Ta ce irin maiwa ne na kakarta da ta zo da shi daga Kankiya, ita ta juye geron ta zuba shi, tun da ƙwayar kusan ɗaya ce a ido. Baffa ya ce yarinyar da za ta hana majinyaci cin tumu ba ta da imani, a mai da ita gidansu yau ɗin nan.

Hussaini ya dube ta. "Me ya sa, Fiddausi?"

"Maigida, ina tsaye aka auna maka kwana da gero, ka ce to." Hawaye suka zubo mata. "Ni ban ce to ba. In tumu kake so, sai ka jira Nuwamba."

"In ban kai ba fa?"

"Wannan na Allah ne. Amma ba Baffa zai sa maka rana ba."

Hussaini ya yi dariyar da rabonsa da ita tun watan Yuni, har wuyan ya yi masa zafi. Ya ce wa Baffa, cikin ladabi, ba inda za ta, don shi bai san yadda ake dama furar maiwa ba.

Sakamako ya zo bayan mako goma sha ɗaya. Ciwon ya taɓa wani wuri, amma akwai magani, ƙarin ruwa duk bayan mako uku. Ba a yi masa alkawarin komai ba. Gashinsa ya zube, ya rame, amma ranar ashirin ga Nuwamba yana zaune a kan tabarma a bakin gona ana ɗaure dami arba'in da biyu. Wanda yake jiran labarin da ba ya hannunsa, ya samu abin da yake hannunsa ya kula da shi. Kuma kada dangi su riga Allah yanke wa mutum kwana.

Waɗanda suka rage bayan wannan kaka: Fiddausi, da cikin wata biyar. Goggo, har yanzu ba keke. Ƙannen Hussaini biyu. Baffa Mamuda ba ya ciki, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi a watan Oktoba, Allah ya jiƙansa, bai ɗanɗani maiwar ba. Sai Hussaini, yana jiran wani gwajin a watan Maris, ya kuma ware irin baɗi ya rataye a rumbu.