Hannun Juwairiyya a Shafin Ɓarawo

Ranar Talata da hantsi Malam Jatau ya ga hannun matarsa Juwairiyya a wayar ɗan sanda. Matar kuwa tun watan Sha'aban take kabari.

Hannun dama ne, da jan lalle har wuyan hannu, riƙe da filas ɗin shayi mai ruwan toka. A gindin babban yatsa akwai tabon ƙunar mai. Ya san tabon, don yana tsakar gida yana karatu ranar da kaskon ƙosai ya fallatsa mata.

"Wani shafi ne ke talla da hoton nan, Malam," in ji Sufeto Bawa, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa a sakandare. "Mata sun biya, ba filas, ba labari. Ɗaya daga cikinsu ta ga hoton a shafin Nusaiba, shi ne ta kawo ƙara."

Nusaiba, 'yar Malam Jatau tilo, tana zaune a kan bencin ofishin 'yan sandan, idanunta jawur. Da safiyar nan kamfanin da take yi wa talla ya rufe mata aiki.

Shi dai Malam Jatau bai taɓa ɗaukar sana'ar da daraja ba. Yarinya ta buɗe shafi a intanet tana rubuta bayanin kayan kicin, wanda ya bi ta shafinta ya saya, kamfani ya ba ta la'ada. Dillanci ne da dillali ba ya taɓa kaya, haka ya kira shi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsaron ɗakin karatu, yana kallon gara na cin littattafan da ɗalibai suka ƙi karantawa, ba ya saurin yaba wa abin da ke cikin waya.

"Baba, hotona ne," in ji Nusaiba. "Dokar kamfani ita ce ko ka sa hoton da suka ba ka, ko wanda ka ɗauka da kanka, ko wanda mai shi ya ba ka izini. Nasu bai yi kyau ba, sai na sayi filas ɗin na ɗauka. Inna ta riƙe mini."

"Na yarda," in ji Bawa. "Amma wancan shafin ya sa shi tun cikin azumi. Ke kuwa sai bayan babbar Sallah. A ido, ke kika ɗauka daga wurinsa, ko kuma ke ce shi."

"Ban iya kallon hoton ba sai lokacin," ta ce a hankali.

Malam Jatau ya miƙe. "Bawa, lokacin da kake aji huɗu ka ce akuya ta cinye maka littafin laburare. Na ba ka har Litinin. Ina son Litinin ɗina."

Bawa ya sosa ƙeya. "An ba ka, Malam."

A hanyar gida ya yi mata tambaya ɗaya: wa ya taɓa samun hoton kafin ta sa shi? Ta ce mutum biyu. Mansur mai gyaran waya, da ƙawarta Salma ta Tsafe, wadda ta koya mata sana'ar.

Shagon Mansur yana bakin kasuwa, wani lungu mai warin ƙonanniyar waya. Mansur bai ɗago kai daga allon da yake kwancewa ba.

"Ka taɓa riƙe wayar ɗiyata?"

"Na canza mata gilashi."

"Ka duba hotunanta?"

"Baba, in na tsaya duba hotunan mutane, aure nawa zai rage a Gusau?"

"Ban tambaye ka yawan aure ba. Yaushe ne?"

"Jajibirin babbar Sallah. Ta tsaya a kaina kamar na ci mata bashi, har raguna suka ƙare a kasuwa ban sayi nawa ba."

Nusaiba ta gyaɗa kai. Hoton ya riga ya fita tun azumi, wata biyu kafin wayar ta shiga shagon. Malam Jatau ya ji haushi, don yaron ya yi masa kama da ɓarawo, ga shi ba shi ba ne.

Washegari suka bi motar safe zuwa Tsafe. A kowane shingen bincike sai an tsaya, a leƙa, a tambayi direba lafiyar iyali. Malam Jatau ya iso da ciwon baya da mugun zato.

Salma ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo ruwa. Da ta fahimci abin da ya kawo su, sai fuskarta ta canza.

"Ni ake zargi, Baba?"

"Kowa ake zargi. Ke dai kin fi kusa."

"Ta turo mini, i, don in ba ta shawara. Ga shi nan." Ta ajiye wayarta kusa da ta Nusaiba, wadda ke nuna na ɓarawon. "Ni da nake hana mutane kwasar hoton wasu? Sau nawa na ce mata kome kyan hoto, in ba naki ba ne, ki bar shi?"

Malam Jatau ya gyara tabarau. Ya shekara da shekaru yana gane shafin da ɗalibi ya yage daga littafi, don haka gefen abu ya fara dubawa, ba tsakiya ba. Na Salma cikakke ne, har da gindin filas da faifan da aka ɗora shi. Na ɓarawon an datse shi daga ƙasa, kuma ya dushe.

"Mi ya sa ya dushe?"

"Ya bi ta WhatsApp," in ji Salma. "Yana rage wa hoto kyau. Nawa ta imel ta turo."

"Faɗaɗa mini nan. Kusurwar hagu, ƙasa."

Ta buɗa yatsu a kan gilashin. A can bakin hoton akwai ɗan kore, kamar tsinin ƙaya. A hoton Salma babu shi. A na Nusaiba ma babu.

Nusaiba ta rufe baki da mayafi. "Tauraro ne. Baba, na gaisuwar Juma'a ne."

Ta yi bayani. Duk Juma'a mutane kan tura wa juna hoto da rubutun barka da Juma'a. Inna ta ga ana yi, ta ce ita ma a koya mata. Nusaiba ta sa mata wani abu a waya da ke manna wa hoto koren rubutu a ƙasa, da tauraro a kowane gefe. Ranar da aka ɗauki hoton filas, Inna ta ce a tura mata hoton, don lallen ya burge ta.

"Wato ɓarawon ya datse gaisuwar, ya bar tsinin tauraro," in ji Malam Jatau. "Ba daga wayarki aka ɗauka ba. Salma, na ɓata miki rai a banza."

"Ba kome, Baba."

"Da kome. Amma ba ni da lokacin gyara shi yau."

Wayar Juwairiyya tana cikin akwatinta tun ranar jana'iza, a kashe, mabuɗin kuwa yana aljihun Malam Jatau. Suka jona ta da wuta, suka zauna jira. Da ta kunnu, Nusaiba ta nuna masa. Inna ba ta iya neman suna ba, don haka an maƙala mata mutum biyu a sama. Su kaɗai take tura wa gaisuwa. Na farko ƙanenta Lawwali, mai sayar da taki a Bungudu. Na biyu mijinta.

"Ni?"

"Duk Juma'a, Baba."

Ya ciro tasa wayar, wadda ba ya taɓawa sai in ta yi ƙara. Sunanta na nan, da tarin hotuna a ƙarƙashi, duk a dushe, kowanne da 'yar kibiyar da ke nuna ba a sauke shi ba. Ya danna na ƙarshe. Ya ƙi buɗewa. Hoton ya daɗe da yawa, ba ya saukuwa.

"Kada ka ƙara taɓawa," in ji Nusaiba. "Shaida ce."

Ranar Juma'a bayan an sauko suka isa Bungudu tare da Bawa, wanda ya sa farar riga ya tsaya daga nesa. Lawwali yana zaune a kan buhun taki a ƙofar shago. Ya taso da fara'a.

"A'a, Malam! Yau kai ne a garinmu? Nusaiba, ɗiyata, kin yi wuyar gani."

"Ina wuni, Kawu."

Aka gaisa, aka tambayi damina. Malam Jatau ya bari har shayi ya zo.

"Lawwali, wani abu nake nema. Gaisuwar Juma'a ta ƙarshe da yayarka ta yi, mai hoton hannunta. Tawa ta ƙi buɗewa. Kana da ita?"

"Allah ya jiƙan Yaya. Ina da ita mana."

"Na ji an ce kana yawan tura irin waɗannan ga abokai. Wataƙila ita ma ta zaga gari."

Lawwali ya ajiye kofi da ƙarfi. "Haba Malam! Hannun yayata, matar aure, da lalle, in tura wa maza? Mi ka ɗauke ni? Wallahi ko matata ban tura wa ba."

"Kana barin wayarka a hannun mutane?"

"Ni? Da ita nake kwana."

"Madalla." Malam Jatau ya yafito Bawa da hannu. "Da ma abin da nake son ji ke nan, a gaban shaida."

Ya ajiye wayoyi uku a kan buhu, ya yi magana kamar yana gaban aji. Hoton ɓarawo yana da tsinin tauraro, don haka daga gaisuwar Juma'a aka yanke shi. Gaisuwar a wayar marigayiya aka yi ta, wayar kuwa tana kulle tun Sha'aban. Mutum biyu aka tura wa. Ɗaya bai taɓa buɗewa ba, ga wayarsa nan kowa ya duba.

"Na biyu kuma yanzu ya rantse bai ba kowa ba. Na bar maka ƙofa, Lawwali. Da ka ce ka tura wa jama'a, da sai mu bi rabin Bungudu ɗaya bayan ɗaya. Kai ka rufe ta, don kada a ce ba ka san mutuncin yayarka ba."

Bawa ya miƙa hannu. "Wayarka, Malam Lawwali. Buɗe ta."

Shafin yana ciki, da saƙonnin matan da ba a amsa ba.

Lawwali ya zauna daɓas. "Malam, gonata ta daji ba ta shiguwa saboda 'yan bindiga. Taki ba mai saye. Na ji ana cewa hoto a intanet na kowa ne..."

"Ba a yi arba'in ɗinta ba ka sa shi."

"Ban san zai taɓa Nusaiba ba, wallahi. Hannu ne kawai, ba fuska. Na ce wa zai gane?"

"Kawu," in ji Nusaiba, "ni zan gane."

Malam Jatau ya buɗe baki, yana da maganganu da yawa da ya tanada tun daga Gusau, masu kaifi, a jere. Ya dubi mutumin, ya ga idanun Juwairiyya ne a fuskarsa. Ya ɗauki sandarsa kawai ya nufi mota.

Bawa ya janye zargin a ranar. Nusaiba ta aika wa kamfani asalin hoton da bayanin 'yan sanda, suka ce za su duba, a cikin irin Turancin da ba ya nufin kome. Ta ce daga yau duk hoton da ta ɗauka sai ta buga sunanta a tsakiyarsa, inda ba a datsewa. Malam Jatau kuwa ya ce ta kawo rubutun shafin ya gyara mata waƙafi, don ya lura ba ta san inda ake sa shi ba. Ta dube shi da mamaki.

Bayan la'asar ya zauna a ɗakin Juwairiyya zai mayar da wayarta akwati. A ƙarƙashin hoton da ta tura masa akwai saƙon murya. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya danna.

Da farko ƙarar tukunya, sai dariyarta.

"Malam, barka da Juma'a. Na san ba ka duba wayar nan, amma dai. Ka ga lallen? Tun jiya nake wucewa ta gabanka, kanka na cikin littafi. Ya kama kuwa?"

Ya tuna ranar. Ya ga lallen sarai, tun lokacin da ta miƙo masa shayi. Ya yi niyyar magana in ya kai ƙarshen babi.

Ya kashe wayar, ya ajiye ta a kan zannuwanta, ya rufe akwatin.

"Ya kama, Juwairiyya," ya ce. "Ya yi kyau."