Gidan da Babu Dutsen Guga

Da hantsi Inna ta iso gidan ɗanta ba tare da ta aiko ba, haka take yi in tana son ganin abin da ake ɓoye mata. Ta tarar da matar ɗan nata, wadda kowa ke kira Auta, tana yankan yadi a teburin falo. Auta ta ajiye almakashi, ta durƙusa ta gaida ta, ta kawo ruwa. Inna ko kallon kofin ba ta yi ba.

"A bakin titi na ga rigunan Malam a hannun mai guga. Ga mace a gida, miji na kai guga waje kamar gwauro?"

"Dutsen gugarmu ne ya lalace, Inna. Ya kai gyara."

"Tun yaushe?"

Auta kanta ba za ta iya tuna ranar da ta ga dutsen gugar ba.

Kafin aurenta da Malam, wanda malamin firamare ne, Auta tana aiki a wani shagon ɗinki. Wata rana aka mance dutsen guga a kan yadi, wuta ta kama. Auta ta fito ko ƙwarzane babu, ƙawarta da ke zaune a keken kusa da ita ba ta fito ba. Tun daga nan in ta ji ƙaurin tsumma sai jikinta ya ɗauki rawa, ta daina gane inda take. Malam ya kai ta asibiti. Likita ya ce ciwo ne sananne da ke kama wanda ya ga tashin hankali, kuma ana warkewa.

Auta dai ba ta gamsu ba. "Ni me na gani?" ta kan ce wa Malam. "Wadda ta ƙone ita ta ga tashin hankali. Ni da na fito da ƙafata, ai kunya ce in ce ina ciwo." Da aka yi aure kuma abin bai sake zuwa ba, sai ta yanke cewa likita ne ya yi kuskure, ta daina zuwa.

"An ce an taɓa ganinki a layin masu taɓin hankali," in ji Inna. "To ki ji da kyau. In ciwon kai gare ki, ba zan bari ya shigo mini zuri'a ba. In kuwa lafiyarki ƙalau, to lalaci ne, shi ma ba na ɗauka."

Gaba kura, baya siyaki ke nan. Auta ta zaɓi wanda take ganin gaskiya ne.

"Lafiyata ƙalau, Inna."

"Madalla." Inna ta fita da kanta, ta aro dutsen guga a maƙwabta, ta warware gyalenta ta jefa a tebur. "Goge mini in gani."

Auta ta jona dutsen gugar a soket. Ta fara guga, Inna kuma ta ci gaba da lissafa mata matan da ta so a aura wa Malam. Auta ta ɗago kai don ta amsa wata tambaya, gyalen kuwa shara-shara ne. Ƙauri ya tashi.

Daga nan falo ya ɓace mata. Ta ga hayaƙi, ta ji ƙarar kekunan ɗinki. Ta cafki hannun Inna tana ja da ƙarfi, tana kiran sunan ƙawarta.

"Tashi... don Allah tashi, wannan karon ba zan bar ki ba."

Haka ta jawo tsohuwa har tsakar gida. Nan Malam ya same su da ya dawo daga makaranta, alli duk a hannunsa: Auta a ƙasa tana makyarkyata, har yanzu riƙe da hannun uwarsa. Ya shiga ya zare soket, ya dawo ya zauna kusa da ita yana kiranta a hankali har ta gane shi.

"Ka gani da idonka," in ji Inna. "Ka sallame ta."

"Wa ya kawo dutsen guga gidan nan?"

"Au, naku da ya lalace—"

"Bai lalace ba, Inna. Kyautar da shi na yi."

Ya faɗi sauran maganar, kansa a sunkuye. Shi ya roƙi maƙwabta su daina ƙona shara in tana gida. Shi yake zagaye da ita ta doguwar hanya don kada su bi ta layin teloli, yana cewa iska yake son sha. Auta tana ji, hawaye na zuba. Ashe duk lafiyar da take taƙama da ita, mijinta ne ke share mata hanya tana bi. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa kuma ya fi haushin yawa.

"Kai ka sa na ƙaryata likita, Malam."

"Sori, Auta. Na ga kina dariya, ban so ta yanke ba."

Ta goge fuska ta juya wajen surukarta. Ta san abin da maganar za ta iya jawo mata, amma ta faɗa.

"Inna, ɗazu na ce miki lafiyata ƙalau. Ba haka ba ne. Ina da ciwo, kuma zan koma asibiti. In aurena zai mutu a kan haka, gara ya mutu a kan gaskiya."

Malam ya durƙusa gaban uwarsa. "Ban taɓa ƙetare maganarki ba, Inna. Amma da ni wuta ta yi wa haka, za ki so ta tattara kayanta ta tafi?"

Inna ta fita ko sallama babu.

Watanni suka shuɗe Inna ba ta tako gidan ba. Auta tana zuwa gaishe ta, ta durƙusa, a amsa mata da hanci, ta tashi ta dawo. Asibiti ma tana zuwa, ko da yake shakkar ba ta sake ta gaba ɗaya ba. Ta taɓa ce wa likita har yanzu tana jin kamar ta ari ciwon wani ne. Ya ce mata ba dole sai ta yarda da sunan ba, ta dai ci gaba da zuwa. Malam kuma ya daina zagaye. Ranar farko da suka bi ta layin teloli ta yi kuka, ta biyu ma haka, daga baya ta fara wucewa tana riƙe da numfashi. Sauƙi dai a hankali yake zuwa.

Wata safiya ranar ganin likita ta zo daidai da jarrabawar 'yan makaranta, Malam ba shi da halin raka ta. Auta ta shirya za ta tafi ita kaɗai, tana buɗe ƙofa ta ga Inna tsaye da jakarta.

"Wuce mu tafi, kada layi ya yi tsawo."

Suka hau mota suka nufi asibiti. Inna tana kallon taga ta ce, "Na ce a kore ki, ke kuma hankalinki ba ya jikinki amma ni kike ja daga wuta. Na yi ta juya abin nan, ya hana ni sakat."

Suka zauna a benci cikin layin da Inna ta taɓa yi mata gori a kai. Da aka kira Auta, Inna ta miƙe tare da ita. Nas ta tare ƙofa.

"Hajiya, mara lafiya kawai ake so, sai dai in dangi ne na kusa. Wace ce ke a wurinta?"

"Uwarta ce ni," in ji Inna. "Matsa in wuce."

Haka Auta ta tsira da aurenta, ta kuma sami uwa a inda ta zaci kora. Ciwon da ido ba ya gani ciwo ne, ko mai shi bai yarda ba. Mai ƙaunarka na gaskiya ba ya ɓoye maka shi, raka ka wajen magani yake yi. Mai haƙuri kuwa, shi kan dafa dutse ya sha romonsa.