Kwaɗon Masinjan Kotu

Masinjan kotu ne, shi ke kai wa shaidu sammaci, don haka ya san sunan kowa da ƙofar gidansa. Takalminsa na cinyewa, lauyoyi na sauya motoci a gabansa. Abin ya tsaya masa a rai har ya kai shi gun boka.

Ɗakin bokan na bayan wata tsohuwar maƙera. Rana tsaka ce, amma ciki duhu. Bango duk kwaɗunan kulle ƙofa ne masu tsatsa, ga tukunya cike da busassun harsunan dabbobi.

"Arziki nake so," in ji masinja.

"Me kake da shi na sayarwa?"

"Sunayen shaidu."

Boka ya tsaga masa kan harshe da aska, ya ɗiga jinin a ramin wani baƙin kwaɗo. "Ka raɗa masa sunan mai shaida, ka datse. Zai tsaya gaban alƙali kamar gunki."

"Nawa zan biya?"

"Ba na karɓar kuɗi. Duk bakin da ka rufe, za a rufe wani tare da shi."

"Na wa?"

"Abin da ya kawo ka ke nan?"

Gogan ya sunkuci kwaɗon ya fice.

Masu kisa da manyan ɓarayi suka riƙa nemansa. Shaidu su yi rantsuwa, sai harshe ya ƙage, a kori ƙara. Ya gina bene, ya sayi mota, ya ajiye tumbi.

Mahaifiyarsa ce ta fara yin shiru. Ta rasu ana laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta na rawa, ba sauti. Ƙaninsa ya bi ta. Matarsa ta wayi gari bebiya, daga baya ta koma yaga zanenta tana cusawa a baki. Ya gane, amma bai ji komai ba. Zuciyar ta riga ta daskare. 'Yarsa kaɗai ta rage mai magana a gidan, mai surutu kamar rediyo.

Sai wata hajiya ta zo, wai ɗanta ake tuhuma da kisa, ta yi tayin da bai taɓa ji ba. Ya dubi ɗakin 'yar, ya ce wa kansa wannan ne na ƙarshe. Ya raɗa wa kwaɗon sunan mai shaidar, ya datse.

Ashe hajiyar jami'ar bincike ce, ta naɗi muryarsa. Doka ba ta san tsafi ba, amma ta san cin hanci da toshe bakin shaida. Alƙali ya yanke masa shekara goma sha huɗu saboda hana shari'a aikinta, aka ƙwace benen da motar.

Sau ɗaya aka kawo masa 'yar gidan yari. Ta riƙe ƙarfen da ya raba su, ta buɗe baki za ta ce Baba. Ya tsaya yana jira har gandiroba ya ce lokaci ya cika.

Kai mai kwaɗayin arzikin dare ɗaya, ka ji da kyau: in ka toshe bakin gaskiya don ka ci, a cikin gidanka za a cire kuɗin.